WALICCIN NAƘASASSHE BAYAN YA BALAGA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci bayinSa, Ya bambanta su wajen ƙarfi da rauni domin Ya jarrabi sashensu da sashe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala wadda galibi ba a kawo ta gaban malamai sai an tashi daga zaman makoki, alhali kuwa lokacin kawo ta shi ne tun maigida yana da rai da lafiya. Mas'alar ita ce ta yaron da aka haifa da naƙasa, ko ciwo ya naƙasa shi tun yana ƙarami, ga shi yanzu ya balaga, ya yi gemu ko ta zama budurwa. Wa ke da ikon saye da sayarwa da sunansa? Wa zai karɓi rabonsa na gado? Har yaushe ne za a riƙe masa dukiyarsa? Ba gida ɗaya ko biyu abin ya shafa ba. Yaran da annobar sanƙarau ta 2015 ta bari da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa, da yawansu yau sun kai munzalin balaga, waɗanda ta 1995 ta taɓa kuwa tuni sun zama magidanta, ko da sun zama in da an bar su.

Tushen hukuncin yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6. A ta farko Allah Maɗaukaki Ya hana a danƙa dukiya a hannun wanda bai iya riƙonta ba, Ya yi umarni a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai daɗi. A ta biyu Ya yi umarni a jarraba marayu, in sun kai shekarun aure aka kuma ga shiriya a tare da su, a miƙa musu dukiyarsu gaban shaidu. Daga nan malamai suka fahimci cewa sharuɗɗan sakin dukiya biyu ne, balaga da rushdu, kuma ɗaya ba ya isa in babu ɗayan. Hanin da ake yi wa mutum ya sarrafa dukiyarsa da kansa shi ake kira hajaru a littattafan fiƙihu, kuma Shehu Halilu ya ware masa babi guda cikin Muhtasar.

Balaga dai an san alamunta: mafarki, haila, ciki, tsirowar gashin mara, in kuwa babu ko ɗaya to cikar shekara 18 bisa mashhurin mazhabar Imamu Malik. Rushdu shi ne abin da ya kamata mu tsaya a kansa. A wurin malamanmu na Malikiyya ma'anarsa ita ce mutum ya iya kiyaye dukiyarsa, ya san riba da faɗuwa, kada a riƙa cutarsa cuta bayyananna a kasuwa, kada kuma ya riƙa watsa abin hannunsa a banza. Imamu Shafi'i ya ƙara sharaɗin kyawun addini. Imamu Abu Hanifa kuwa yana ganin in mutum ya cika shekara 25 a ba shi abinsa ko yaya yake. Mu a nan abin da muke bi shi ne hanin yana nan muddin dalilinsa yana nan, ko da mutum ya yi furfura, kuma yana faɗuwa da zarar dalilin ya gushe.

To a lura da kyau: a cikin dalilan hajaru da malamai suka lissafa, akwai ƙuruciya, akwai hauka, akwai wauta wajen dukiya, amma babu makanta, babu gurguntaka, babu kuturta, babu kurumta. Makaho mai hankali cinikinsa ya inganta a mazhabarmu, shaidarsa a kan abin da ya ji da kunnensa karɓaɓɓiya ce. Bebe, in ana fahimtar nuninsa ko ya iya rubutu, nunin nan nasa yana tsayawa matsayin magana a ciniki da aure da saki. Wani abin ma da zai ba wasu mamaki, Shehu Halilu da yake faɗin sharuɗɗan wanda za a bar wa wasiccin marayu, ya bayyana cewa ya halatta ya kasance makaho, ya halatta ta kasance mace. Wanda shari'a ta yarda ya riƙe dukiyar wasu, da wane dalili za a hana shi tasa? Kuma ai mun sani Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum a matsayin wakilinsa a Madina in zai fita, ga shi makaho ne.

Saboda haka abin nan da ake yi a gidaje da yawa, a raba gado a ce rabon wane gurgu ko wance makauniya a bar shi hannun babban wa tunda su ba su iya noma, ba tare da an tambaye su ba, wannan ba walicci ba ne, ƙwace ne da aka sa wa rigar tausayi. In gurgu ya ga dama ya wakilta wansa ya noma masa gonarsa, ko ya ba da ita haya, ko ya sayar, wannan hakkinsa ne, kuma wakilci ne wanda yake iya janyewa duk ranar da ya so. Kurame su aka fi zalunta ta wannan fuska, domin mutane suna ɗaukar rashin magana a matsayin rashin hankali. Sau da yawa gazawar tamu ce da ba mu iya maganar hannu ba. Akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma malami ko alƙalin da zai yanke hukunci a kan hankalin kurma bai nemo wanda ya san maganarsa ba, ya yi hukunci cikin duhu.

Sauran magana tana kan wanda naƙasar ta taɓa hankalinsa. Su ma ba ɗaya suke ba. Akwai wanda hankalinsa ya gushe ɗungum, bai san saye ba bai san sayarwa ba. Wannan an ɗauke masa alƙalami kamar yadda ya zo a hadisi, cinikinsa da kyautarsa da sakinsa duk ba sa ƙulluwa. Akwai wanda abin yake zuwa ya tafi, to abin da ya ƙulla a lokacin da yake cikin hayyacinsa ana duba shi dabam. A nan ma mu faɗa, mai farfaɗiya ba mahaukaci ba ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ake samun maganin sassauta shi a asibiti, kuma faɗuwar ƴan mintoci ba ta kwaɓe wa mutum hakkinsa. Sai kuma kashi na uku, wanda ya fi yawa kuma ya fi wuyar hukunci: mai raunin fahimta, wanda yake sallarsa, yake gaisuwa, ana aikensa ya je ya dawo, amma bai bambanta jika biyar da jika goma ba, duk wanda ya yi masa murmushi zai iya raba shi da akuyarsa.

Game da irin wannan akwai darasi cikin abin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, na wani sahabi da ake yawan cutarsa a ciniki. Masu sharhi sun ce Habbanu ɗan Munƙizu ne, wasu suka ce mahaifinsa ne, kuma rauni ne ya taɓa samu a ka wanda ya taɓa harshensa da tunaninsa. Manzon Allah bai kore shi daga kasuwa ba. Ya koya masa kalmar da zai riƙa faɗi lokacin ciniki, mai nuna sharaɗin babu yaudara, kuma a wasu ruwayoyi an ba shi zaɓin kwana uku ya mayar da abin da ya saya. Abin da muke ɗauka daga nan shi ne kariya tana da matakai. Ayar da ta ce a jarraba ba ta ce a jarraba sau ɗaya ba. A ba shi ɗan kuɗi kaɗan ya sayo cefane, a bar masa kaji ko tunkiya ya kiwata, a zaunar da shi kusa da mai tebur ya ga yadda ake ba da canji. Abin da ya iya a bar masa, abin da ya fi ƙarfinsa, kamar gona da gida da garke, a riƙe masa. Iyaye da yawa, don tsananin so, sukan hana ɗansu taɓa ko dala, sa'an nan su ce bai iya ba. Ina zai iya abin da ba a taɓa bari ya gwada ba?

Yanzu wane ne waliyyin? A nan ne al'adarmu ta yi hannun riga da littafi. A mazhabar Malik waliyyin dukiya shi ne uba, sa'an nan wasiyyin da uba ya naɗa, sa'an nan wanda wasiyyin ya bar wa, sa'an nan alƙali ko wanda alƙali ya gabatar. Kaka ba ya ciki, wa ba ya ciki, baffa da kawu ba sa ciki, uwa ma ba ta ciki, sai fa in uba ne ya yi musu wasicci ko alƙali ya naɗa su. Malamai sun yi rangwame ga mai riƙo ya sayar da ɗan abu kaɗan don buƙatar wanda yake riƙo, amma ba gona ba, ba gida ba. In an rasa alƙali, jama'ar Musulmi, wato adilan mutanen wurin, suna tsayawa matsayinsa. Saboda haka kasancewar mutum babban ɗa a gida ba ta mai da shi waliyyin ƙanensa mai taɓin hankali, sai an naɗa shi.

Shehu Dardiri a sharhinsa na Muhtasar ya kawo wani bambanci mai amfani. In taɓin hankalin ya samu yaro tun kafin balaga, ya kuma balaga a haka, waliccin uba ko wasiyyinsa yana zarcewa, bai yanke ba. In kuwa ya balaga lafiya lau, ya riƙe kansa, daga baya ciwon ya same shi, to al'amarinsa yana hannun alƙali. Game da mai raunin riƙon dukiya kuma, Ibnu Asim cikin Tuhfa ya ambaci cewa uba yana iya sabunta hani a kan ɗansa dab da balagarsa, ya kafa shaidu a kan haka. Hikimar kafa shaidun a fili take. Mutanen kasuwa suna ganin saurayi ƙaƙƙarfa, ba su san halinsa ba; in ba a bayyana ba, za a yi ciniki da shi, in an zo warwarewa a yi rigima. Mun san abin da ke hana iyaye yin haka: kunya, da tsoron kada a ce sun tona asirin ɗansu, kada ya rasa matar aure. Amma shaidu biyu adilai da takarda guda a hannun liman ko mai unguwa ba shela ba ce a kasuwa.

Me ya sa muke matsawa a kan uba ya yi wannan tun yana raye? Saboda hukuncin ciyarwa. Ibnu Abi Zaidin cikin Risala ya bayyana cewa ciyar da ɗa namiji tana kan uba har ya balaga, da sharaɗin ba shi da naƙasar da ke hana shi nema, ƴa mace kuma har ta tare a gidan miji. Ke nan wanda ya balaga yana naƙasasshe, ba ya iya nema, ba shi da dukiya, ciyar da shi tana nan a wuyan ubansa. To amma ran da uban ya faɗi fa? A mazhabarmu alƙali ba ya tilasta wa ɗan'uwa ciyar da ɗan'uwansa. Wajibin ciyarwa na dangi ya tsaya tsakanin iyaye da ƴaƴa. Hanafiyya da Hambaliyya sun faɗaɗa shi zuwa wasu dangi, kuma ba mu ce zumunci bai wajaba ba, ya wajaba, mai yanke shi yana da zunubi babba. Sai dai abin da naƙasasshe yake da shi tabbatacce, wanda ba ya jiran alherin kowa, shi ne rabonsa na gado.

Mu ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da ƴaƴa maza uku da mace ɗaya, bayan an biya bashi abin da ya rage ya kai jika 800. Matar tana da tumuni, jika 100. Sauran jika 700 a kasa bakwai: kowane namiji jika 200, macen jika 100. In ɗaya daga cikin mazan nan mai taɓin hankali ne, jika 200 ɗinsa tana nan cif, domin naƙasa ba ta cikin abubuwan da ke hana gado, ba ta kuma rage shi. Abin da aka saba ji shi ne, “Ai mu ke ciyar da shi, me zai yi da kuɗi?” Sai a narkar da rabonsa cikin na sauran. Shekara biyar, ƴan'uwan sun watse, wani yana Agadas wani ya tafi ci-rani, matansu sun gaji da wankinsa, sai a gan shi bakin tasha da ƙoƙo. Da an ware rabon nan an saya masa tumaki ko an bar masa yankin gona da sunansa, da duk wanda ya riƙe shi ya san ba kyauta yake ciyar da shi ba, shi ma da bai zama abin tura wa juna ba.

Uba mai hangen nesa yana da hanyoyi a hannunsa. Ta farko ya naɗa wasiyyi, Musulmi baligi mai hankali, adili, wanda zai iya. Muna ba da shawara a duba uwar yaron kafin kowa in tana da ƙarfin yi, domin ita ta san cinsa da shansa da ciwonsa, kuma mun riga mun ce shari'a ta yarda mace ta zama wasiyyiya. In ana tsoron nauyin ya yi mata yawa, a haɗa ta da wani amintacce. Ta biyu, kada uba ya dogara da cewa zai bar wasiyyar ƙarin dukiya ga ɗan, domin babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwa, kuma ba kullum suke yarda ba. Hanyar da ta fi ita ce kyauta tun yana da lafiya. Risala ta karhanta mutum ya ba wani ɗa dukiyarsa duka, amma ta halatta ya ba shi wani abu daga ciki, kuma an ruwaito daga Imamu Ahmad cewa babu laifi a fifita ɗa saboda buƙata irin ta makanta ko naƙasa. Kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu kafin mai bayarwa ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali, amma uba yana karɓa a madadin ɗansa da ke ƙarƙashin waliccinsa, ya kafa shaidu. A yi hattara da abu biyu da malamai suka togace: tsabar kuɗi da makamantansu waɗanda ba a gane su da ainihinsu, da gidan da uban yake zaune ciki bai fita ba. Waɗannan in suka zauna hannunsa har ya mutu, kyautar ta ɓaci, sun koma gado. Ta uku ita ce hubusi, a tsayar da shago ko gona, amfaninsu yana tafiya ga naƙasasshen muddin ransa. A 2019 ƙasarmu ta yi doka ta musamman a kan waƙafi.

Wanda aka ɗora wa walicci kuwa ya san amana ya ɗauka. Ba ya kyauta da dukiyar, ba ya ba da ita rance don neman suna, ba ya sayen kayanta wa kansa da araha. Wasiyyi ba ya sayar da gida ko gona sai da dalili bayyananne, kamar buƙatar ci da magani in babu wata hanya. Zai fitar mata da zakka in ta kai nisabi, domin a mazhabarmu zakka hakkin dukiya ce, ba ta faɗuwa don mai ita yaro ne ko mahaukaci. Shi ya sa Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa umarnin Sayyidina Umar na a juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta. In waliyyin mawadaci ne ya kame, in matalauci ne ya ci gwargwadon wahalarsa, kamar yadda aya ta 6 ta nuna. Ya sayi littafi na dala ashirin ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Wannan kariya ce gare shi kafin kowa. Kuma wanda yake tura naƙasasshe bara ya karɓe abin da ya samo, ya sani sadakar nan mallakar wanda aka ba ce.

Aure ba za mu tsawaita a kansa ba yau. Uba ko wasiyyi yana iya aurar da mai taɓin hankali in akwai buƙata da maslaha gare shi, bayan an bayyana wa ɗaya ɓangaren gaskiyar hali. Aurar da yarinya mai raunin hankali ga wanda aka san dukiyarta yake so, ko don a rabu da nauyinta, cin amana ne ko da an cika siga da sadaki.

Saura ɓangaren hukuma, domin banki da ma'aikatar fansho da masu rajistar filaye ba sa aiki da maganar baka. Kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa ya sa cikar mutum a shekara 21, kuma a idon hukuma wanda ya kai wannan shekara mai ikon kansa ne har sai kotu ta ce ba haka ba. Amma tun dokar tsarin kotuna ta 1962, da waɗanda suka biyo bayanta a 2004 da 2018, an yarda kotu ta yi aiki da al'adar masu shari'a a sha'anin iyali da gado da wasiyya da cancantar ƙulla ciniki, tare da masu ba alƙali shawara a kan al'ada, kuma ga mafi yawanmu al'adar nan fiƙihun Malik ce. Saboda haka ƙofa a buɗe take. A nemi takardar haihuwar yaron, in babu a yi ta kotu. A nemi takardar likita mai bayyana halinsa. A yi zaman iyali a rubuta wanda aka amince ya riƙe shi, a kai kotu ta tabbatar. Wasiyyar uba ma a rubuta ta, shaidu su sa hannu, a ajiye kwafi wurin wanda ba magaji ba.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 12 nata yana neman a taimaki mutum ya yanke shawara da kansa, a kuma riƙa sake duba duk wani mataki da aka ɗauka a kansa. Sake dubawar nan tana cikin fiƙihunmu tun da daɗewa. Wanda ya warke, ko ya koyi riƙon abinsa, dole a sake shi. Wanda ke ƙarƙashin wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa ba ya fita da kansa sai an warware masa hanin, in kuma wasiyyin ya ƙi alhali shiriya ta bayyana, sai a kai ƙara alƙali ya warware. Ranar miƙa dukiya a kira shaidu, a ƙirga komai gabansu, domin a mazhabarmu in daga baya aka yi musu, ba a karɓar maganar wasiyyi cewa ya miƙa sai da shaida.

Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.